Darasi na Tara: Shugabanni Uku da Rikicin Makaman Kyuba na 1962

A watan Oktoba na 1962 saura ƙiris yaƙin nukiliya ya ɓarke tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Kwana 13 aka yi ana zaman ɗar-ɗar, daga 16 zuwa 28 ga wata, kuma tun da aka ƙera makaman ƙare-dangi duniya ba ta taɓa kusantar wannan bala'i kamar a waɗannan kwanaki ba. A wannan darasi za mu bi sawun mutum uku: Jon Kenedi, shugaban Amurka, mai shekara 45, Nikita Kurushof, jagoran Tarayyar Sobiyet, mai shekara 68, da Fidel Kastro na Kyuba, mai shekara 36. Dukkansu da hannunsu a hura wutar. Biyu daga cikinsu ne suka kashe ta, kuma ba su yi haka ba sai da suka ga ta fara fin ƙarfinsu.

Mafarin rigimar

Ruwa ba ya tsami banza. Kyuba tsibiri ce da ke kimanin kilomita 145 kudu da jihar Fulorida ta Amurka, wato kusan tazarar Kano da Zariya. A Janairun 1959 Kastro da mayaƙansa suka kori Batista, mai mulkin kama-karya da ke ɗasawa da Amurka. Sabuwar gwamnati ta ƙwace gonakin rake da matatun mai na kamfanonin Amurka, Amurka ta daina sayen sukarin Kyuba, Mosko ta ce a kawo za ta saya. A Afrilun 1961, wata uku kacal da hawan Kenedi, hukumar leƙen asiri ta CIA ta sauke 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 ɗauke da makamai a gaɓar Giron domin su kifar da Kastro. Cikin kwana uku aka murƙushe su. Kenedi ya sha kunya, amma bai saduda ba: ya amince da wani shirin ɓoye na yi wa Kyuba zagon ƙasa. Don haka da Kastro ya ce Amurka na shirin sake dawowa, ba tatsuniya yake ba.

Shi kuwa Kurushof abu biyu ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Na farko, yana tsoron a hamɓarar da sabon abokinsa yana ji yana gani. Na biyu, Amurka ta yi masa fintinkau a makamai. Masu linzamin da zai iya harbawa daga ƙasarsa su isa Amurka ba su wuce 'yan gomomi ba, alhali Amurka ta girke nata samfurin Jupiter guda 30 a Italiya da 15 a Turkiyya, ƙasar da ke iyaka da Tarayyar Sobiyet. A watan Mayun 1962 ya yanke shawarar kai masu cin matsakaicin zango Kyuba, inda za su iya kaiwa Washinton cikin 'yan mintoci. Kowane kai na nukiliya da ke kansu ya ninka bam ɗin da ya rusa Hiroshima a 1945 fiye da sau 60.

Kastro ya yarda, amma ya nemi a yi abin a fili, a sanar da duniya yarjejeniyar. Kurushof ya ƙi. Aka loda sojoji sama da 40,000 a jiragen dakon kaya, sanye da kayan farar hula, aka cusa su ƙarƙashin bene cikin zafi don kada a gan su daga sama. Har kayan sanyi aka loda don a zaci arewa za su. A nan Kastro ya fi shi hangen nesa. Kai makamai ƙasar abokiya ba shi da bambanci da abin da Amurka ta yi a Turkiyya, amma ɓoyewa da ƙaryar da ta biyo baya su suka ba Kenedi bakin magana a gaban duniya.

Kenedi ma ya ɗaure kansa da kansa. Zaɓen 'yan majalisa na tafe a watan Nuwamba, 'yan adawa na yi masa gorin rauni a kan Kyuba, sai ya fito sau biyu a watan Satumba ya yi kashedi a bainar jama'a cewa ba zai lamunci makaman kai hari a tsibirin ba. Ya faɗi haka ne yana zaton Mosko ba za ta yi gangancin ba. A lokacin jiragen sun riga sun kama hanya.

Mako guda na sirri

Ranar Lahadi 14 ga Oktoba wani jirgin leƙen asiri samfurin U-2 ya ɗauko hotunan wuraren da ake girke makaman kusa da garin San Kiristobal. Da safiyar Talata 16 ga wata aka sanar da Kenedi. Nan take ya haɗa kwamitin mashawarta, ciki har da ƙanensa Robert Kenedi, wanda shi ne ministan shari'a, da sakataren tsaro Robert McNamara, da na harkokin waje Dean Rusk. Mun san abin da aka faɗa a zaman domin shugaban ya sa na'urar naɗar murya a ɓoye, kuma an saki faya-fayan daga baya.

Wanda ya saurari zaman ranar farko zai ji cewa Kenedi da kansa ya karkata ga kai hari ta sama. Da a ranar aka tilasta masa yanke hukunci, da wataƙila bama-bamai sun sauka. Abin da ya cece shi shi ne ya sama wa kansa lokaci. Kwana shida ya riƙe maganar a ciki, yana fita yaƙin neman zaɓe kamar babu komai. Da lokaci ya yi ya katse tafiyarsa a Shikago da sunan mura ta kama shi. A 18 ga wata ministan harkokin wajen Sobiyet, Andrei Gromyko, ya zauna a ofishinsa yana tabbatar masa cewa taimakon da suke ba Kyuba na kare kai ne kawai. Hotunan na cikin aljihun teburin Kenedi, bai ciro su ba.

Washegari ya gana da manyan hafsoshin soja, kuma bakinsu ɗaya: a kai hari. Janar Curtis LeMay, shugaban rundunar sama, ya faɗa masa ido da ido cewa duk matakin da bai kai wannan ba kusan daidai yake da lallaɓawar da aka yi wa Hitila a 1938. Kenedi ya tambaye su abin da Mosko za ta yi idan aka kashe mata sojoji. LeMay ya ce ba abin da za ta yi. Shugaban bai yarda ba. Ya san cewa Berlin ta Yamma tana tsakiyar Jamus ta Gabas, sojojin Sobiyet sun kewaye ta, kuma idan Kurushof ya rama a can, Amurka ba ta da abin kare birnin sai nukiliya. Daga baya kwamandan da zai jagoranci harin ya amsa masa cewa ba zai iya yin alkawarin lalata makaman duka ba. Ko ɗaya ya tsira, birni guda ya tafi.

Ya kamata mu lura da dalilin da ya sa ya iya tsayawa gaban janar-janar ɗin. Abin da ya faru a Giron ya koya masa kada ya haɗiye maganar ƙwararru ba tauna. Ya kuma ɗanɗani yaƙi da jikinsa: an nutsar da ƙaramin jirgin ruwan da yake jagoranta a 1943, wansa ya mutu a jirgin sama a 1944. Sai ya zaɓi mataki na tsaka-tsaki, wato killace tsibirin da jiragen ruwan yaƙi don hana shigar ƙarin makamai. Wannan bai cire makaman da ke ƙasa ba, amma ya bar wa abokin gaba damar tunani, kuma ya bar hari a matsayin abin da za a iya komawa gare shi.

Da ƙarfe 7 na yammacin Litinin 22 ga Oktoba ya yi jawabi ta talabijin. Ya bayyana abin da aka gano, ya sanar da killacewar, ya kuma ce duk makamin da aka harba daga Kyuba kan wata ƙasa ta nahiyar Amurka za a ɗauke shi harin Tarayyar Sobiyet ne a kan Amurka, za a mayar da cikakken martani. Mutane suka ruga kantuna suna jibge abincin gwangwani. A Kyuba Kastro ya kira mayaƙan sa-kai su fito.

Ido cikin ido a teku

Killacewar ta fara aiki ranar Laraba 24 ga wata. Kurushof ya aiko da wasiƙa mai zafi yana kiranta fashin teku, amma a ɓoye ya riga ya umarci jiragen da ke ɗauke da makamai su juya. Kenedi ma ya taka a hankali. Ya bar wata tankar mai ta Sobiyet mai suna Bukares ta wuce ba a hau ta ba, kuma jirgin farko da aka bincika mai rajistar Labanon ne da Mosko ta yi haya, an zaɓe shi ne don kada a ci fuskar Kurushof. Sai dai a lokaci guda rundunar da ke riƙe da nukiliyar Amurka ta hau matakin shiri na dab da yaƙi, jiragen B-52 ɗauke da bama-bamai suna shawagi dare da rana.

Sauran duniya ba ta naɗe hannu ba. U Thant, ɗan ƙasar Bama da ke riƙon muƙamin babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya aika wa ɓangarorin biyu roƙon su dakata, kuma wannan ya ba Kurushof hujjar tsayar da jiragensa ba tare da a ce Amurka ya bi ba. Gana da Masar, waɗanda ke cikin Kwamitin Sulhu a shekarar, sun gabatar da ƙudurin neman sasantawa. Gini da Senegal sun hana jiragen saman Sobiyet sauka shan mai a Konakiri da Dakar kan hanyar Kyuba. Batun nukiliya ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma a wancan zamani: a Janairun 1961 Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin bam da take yi a hamadar Aljeriya.

Da yammacin Juma'a 26 ga wata doguwar wasiƙa ta iso daga Kurushof, wadda duk mai karatu zai gane shi ya tsara ta da bakinsa. Mutum ne da ya ga yaƙin Stalingrad, ɗansa matuƙin jirgi ya mutu a fagen fama a 1943. Ya tuna wa Kenedi yadda yaƙi ke bi gari-gari yana shuka mutuwa, ya kwatanta halin da suke ciki da mutum biyu masu jan igiya mai ƙulli a tsakiya: kowa ya ƙara ja, ƙullin ya ƙara tamkewa, har ya kai sai an yanke. Ya nuna cewa idan Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, buƙatar makaman ta kau. Wasiƙar ta ɗauki kusan awa 12 kafin ta kammala isa, saboda fassara da bugawa ta waya. A daren nan kuma Kastro, wanda ya haƙiƙance cewa hari na tafe cikin kwana uku, ya je ofishin jakadancin Sobiyet a Habana ya tsara tasa wasiƙar. Ya shawarci Kurushof cewa idan Amurka ta mamaye Kyuba, kada ya jira a riga shi harba nukiliya. Wannan shawara ta tayar wa Kurushof hankali, domin ta nuna masa cewa abokin da ya je karewa ya riga ya sallama rai.

Baƙar Asabar

Ranar 27 ga Oktoba ita ce zuciyar wannan darasi, domin a ranar ne aka ga iyakar ikon shugaba. Da safe gidan rediyon Mosko ya karanto wata wasiƙa ta biyu mai ƙarin sharaɗi: sai Amurka ta kwashe makamanta daga Turkiyya. Ana cikin muhawara a kan wannan, abubuwa uku suka faru waɗanda babu shugaban da ya ba da umarninsu.

A gabashin Kyuba, janar-janar ɗin Sobiyet da ke wurin suka sa aka harbo jirgin U-2, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. Ba su nemi izinin Mosko ba. A can ƙuryar arewa, wani U-2 da ya je ɗebo samfurin iska ya ɓata hanya ya kutsa sararin samaniyar Sobiyet; jiragen yaƙin Sobiyet suka tashi farautarsa, na Amurka suka tashi daga Alaska tarbarsa ɗauke da makaman nukiliya. A tekun Atalantika kuwa, jiragen ruwan Amurka suka rutsa wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet mai lamba B-59, suna jefa masa ƙananan nakiyoyi don ya taso. Ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. A cikinsa batura sun kusa mutuwa, iska ta gurɓace, zafi na sa ma'aikata suma, kuma an yi kwanaki ba a ji daga Mosko ba. Kamar yadda waɗanda ke ciki suka ba da labari daga baya, kyaftin ɗin ya zaci yaƙi ya riga ya fara, ya nemi a shirya harbi, sai wani babban hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya kwantar masa da hankali, jirgin ya taso. Sai a 2002 duniya ta ji wannan labari sosai.

Tun farko an tsayar a Washinton cewa idan aka harbo jirgi za a rama a kan sansanin da ya yi harbin. Kenedi ya hana. Wannan ne babban hukuncinsa, kuma ya yanke shi ne cikin duhu. Jami'ansa sun ƙiyasta sojojin Sobiyet a Kyuba kimanin 10,000 ne, alhali sun ninka haka sau huɗu. Ba su kuma san cewa akwai ƙananan makaman nukiliya na fagen fama a tsibirin ba, waɗanda za a iya antaya wa sojojin mamaya a bakin teku. Sai a wani taro da aka yi a Habana a 1992 McNamara ya ji haka daga bakin wani janar na Sobiyet. Hafsoshin da suka yi ta matsa wa shugaba lamba ba su san abin da ke jiransu ba.

A kan maganar Turkiyya, yawancin mashawartan sun ce a ƙi, don kada ƙawayen Amurka a ƙungiyar NATO su ga an sayar da su. Kenedi ya yi ta nanata musu cewa duk mai adalci zai ga tayin Kurushof da ma'ana, kuma ba zai iya kai duniya yaƙi saboda tsofaffin makaman da dama ana tunanin cire su ba. Sai aka raba amsar gida biyu. A rubuce ya amsa wasiƙar farko: a kwashe makamai, Amurka ta yi alkawarin ba mamaya. Da dare kuma ya tura ƙanensa wurin jakadan Sobiyet, Anatoly Dobrynin, da saƙon baka: za a cire makaman Turkiyya cikin wata huɗu zuwa biyar, da sharaɗin kada a bayyana, kuma lokaci ya ƙure.

Ranar Lahadi 28 ga wata Kurushof ya tara manyan jam'iyyarsa a wani gida a wajen Mosko. Harbo jirgin da aka yi ba da saninsa ba da wasiƙar Kastro sun ishe shi hujja cewa linzami na suɓuce masa. Don gudun jinkirin waya, ya sa aka ruga da amsarsa gidan rediyo aka karanta wa duniya: za a kwance makaman a mayar da su gida. Kenedi ya gargaɗi mutanensa kada kowa ya yi bugun ƙirji. LeMay kuwa ya kira abin shan kashi, yana so a kai hari duk da haka.

Wa ya samu, wa ya rasa

Kastro bai san an gama ba sai da labarin rediyo ya iso masa. A kan ƙasarsa aka yi cinikin, ba wanda ya tuntuɓe shi. Ya fusata, ya hana masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya shiga, sai a teku jiragen Amurka suka riƙa ƙirga makaman a kan jiragen da ke fita. An ɗage killacewar a 20 ga Nuwamba. Fushinsa na da tushe, kuma ƙananan ƙasashe sun karanci abin da ke samun wanda ya ba da ƙasarsa aro ga rigimar manya. Amma shawarar da ya bayar a daren 26 ga wata ba ta da abin kariya.

Kurushof shi ya fi kowa laifin tayar da rikicin, shi ne kuma ya biya farashi mafi tsada wajen kashe shi. Ya karɓi kunya a bainar jama'a, ya riƙe sirrin Turkiyya bai fasa ba ko da aka cire makaman Jupiter a Afrilun 1963. Sin ta yi masa gori, abokan mulkinsa suka tuɓe shi a Oktoban 1964, kuma Kyuba na cikin laifuffukan da suka lissafa masa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma kaɗan ne cikin masu mulki ke iya yin sa alhali sun san kujerarsu zai ci.

Kenedi ya cancanci yabo a kan haƙurin kwanakin 13, sai dai ɓoye cinikin ya bar baya da ƙura. Shekaru da dama Amurkawa sun ɗauka cewa taurin kai kaɗai ya sa Mosko ta durƙusa, kuma 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da wannan gurguwar fahimta. Ba a tabbatar da gaskiyar a fili ba sai a ƙarshen shekarun 1980. Su kuma shugabannin Sobiyet da suka biyo baya sun ƙudurta ba za a sake yi musu haka ba, suka zuba dukiya a ƙera makamai har suka kamo Amurka.

Duk da haka tsoron da mutanen biyu suka ji bai tafi a banza ba. A Yunin 1963 aka amince da kafa layin aika saƙon gaggawa kai tsaye tsakanin Washinton da Mosko. A 5 ga Agusta na shekarar, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu kan hana gwajin nukiliya a sararin sama da cikin ruwa. Ƙasashen Latin Amurka sun haramta makaman a yankinsu a 1967, Afirka ta yi tata yarjejeniyar ta Pelindaba a 1996. Kenedi bai ga biyun ƙarshe ba, domin an harbe shi a 22 ga Nuwamban 1963. A yau ƙasashe 9 ke da makaman nukiliya, kuma a mafi yawansu umarnin harbawa yana hannun mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan.

Aikin aji

1. Kawo dalilai biyu da suka sa Kurushof ya kai makamai Kyuba. Wanne ya fi ƙarfi a ganinka?
2. Me ya sa Kenedi ya ƙi shawarar hafsoshinsa, kuma me bai sani ba a lokacin da ya ƙi?
3. Waɗanne abubuwa ne suka faru ranar 27 ga Oktoba ba da umarnin shugabanni ba?
4. Ku kasu gida biyu ku yi muhawara: daidai ne shugaba ya ɓoye wa jama'arsa yarjejeniya idan ita ce za ta hana yaƙi?

Kafin zama na gaba, kowa ya nemi taswirar duniya, ko a littafi ko a waya, ya gano Kyuba da Fulorida, sannan Turkiyya da Mosko, sannan Berlin. Ku zo da abin da kuka lura da shi game da tazarar da ke tsakaninsu, da shi za mu buɗe tattaunawa.